Sharhi: Kafin a ba da jigo, a fara bayyana ƙa'ida

A ƴan shekarun nan wata al'ada ta samu gindin zama tsakanin matasa masu sha'awar rubutu a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, har da ƴan uwansu da ke ci-rani a ƙasashen waje. Mutum ɗaya ne zai jefo jigo, wataƙila jimla guda kamar "wasiƙar da ba ta iso ba" ko "ranar da rijiyar gari ta ƙafe", sai kowa ya koma ya gina gajeren labari a kai. Bayan kwana uku ko mako guda a tattaro, a karanta, a tattauna, wani lokaci a fitar da gwani. Wasu a fada suke yi, ana shan shayi ana karatu. Mafi yawa kuwa ta wayar salula ne, inda ɗalibar jami'a a Damagaram da ɗan kasuwa a Abijan da magini a Tamanrasset suke haɗuwa kan jigo ɗaya alhali ba su taɓa ganin juna ba.

Abin yabo ne, domin matashin da ya saba rubuta kalmomi dubu kowane mako yana koyon abin da babu makarantar da za ta koya masa cikin wata uku. Sai dai duk wanda ya daɗe a irin waɗannan zaurukan marubuta ya san yadda da yawansu ke ƙarewa. Ana farawa da ɗoki, sai wata rana a ƙi karɓar labarin wani da hujjar cewa ya wuce tsawon da ake so, shi kuma ya ce ba a taɓa faɗin tsawo ba. Ko wata ta tarar da labarinta ana karanta shi a YouTube da sunan wani. Ko a cire mutum daga zaure cikin dare ba tare da an gaya masa laifinsa ba. Daga nan sai ɓangaranci, sai habaici, sai zaure ya rabe biyu, kowane ɓangare ya buɗe nasa, bayan wata shida duka biyun su mutu.

Idan aka bi tushen waɗannan rigingimu, sau da yawa za a tarar da abu ɗaya: ƙa'idar tana cikin kan shugaba, ba a rubuta ta ba, ko kuma an rubuta ta da kalmomi masu faɗi irin su "a kiyaye tarbiyya" da "ban da abin da bai dace ba", waɗanda kowa ke fassarawa yadda ya ga dama. Lokaci ya yi da masu jagorantar waɗannan zauruka za su zauna su rubuta ƙa'idojinsu dalla-dalla, su sanar da kowa tun kafin a ba da jigo na farko.

Abin da tarihi ya nuna

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce, ya tuna cewa ƙagaggen labarin Hausa na boko ta hanyar gasa ya fara. A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malamai su rubuta labarai na ƙirƙira da Hausa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, littattafan da har yau ake karantawa a makarantu. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin ɗab'i na NNPC ya sake shirya gasa, wadda ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, aka buga su a 1980. A 2016 kuma sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla, wadda ta ƙayyade tsawon labari tsakanin kalmomi 1,000 zuwa 1,500, kuma duk shekara ana sanar da sharuɗɗanta kafin a fara karɓar rubutu.

Kowace daga cikin waɗannan gasanni ta faɗa wa marubuci abin da ake nema daga gare shi tun kafin ya ɗauki alƙalami. Wanda bai yi nasara ba yana iya jin haushi, amma ba zai ce an sauya masa sharaɗi bayan ya gama aiki ba.

Ƴan Nijar ba baƙi ba ne ga wannan darasi. Gasar kokowar gargajiya ta neman takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana tara ƴan kokowa 80 daga jihohi takwas, kowace jiha da goma. Ga zafin kishin jiha, ga dubban ƴan kallo, ga maroƙa da makaɗa suna zuga, amma gasar ta rayu shekaru kusan hamsin saboda an san abin da ake kira kaye kafin a shiga fili, kuma an san wane ne alƙali. Da a ce kowace karawa sai an tsaya ana musu kan ma'anar faɗuwa, da tuni an watse.

Akwai kuma dalili na yanzu. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi yana buƙatar marubuta, masu gyaran rubutu da masu fassara. Wani ɓangare na waɗannan mutane a zaurukan nan na jigon mako suke koyon hannu a yau. Zauren da ya mutu saboda rigima, asararsa ta wuce ta mutum ashirin ko talatin da ke cikinsa.

Jigo, tsawo da wa'adi

Abu na farko da ya kamata ƙa'ida ta fayyace shi ne jigon kansa. Wa ke da ikon ba da shi, shugaba kaɗai ko kowa bi da bi? Idan an ce "wasiƙar da ba ta iso ba", dole ne wasiƙa ta takarda ta fito a labarin, ko saƙon murya da bai shiga ba saboda rashin rezo ma ya wadatar? An yarda a rubuta waƙa ko wasan kwaikwayo, ko zube kawai ake so? Jigo mai kyau yana buɗe ƙofa ne ya bar marubuci ya zaɓi hanyarsa. Wanda ya ba da jigo sannan ya jero sunan jarumi da garinsu da yadda labarin zai ƙare, ya riga ya rubuta labarin, aikin kwafi kawai ya bar wa sauran. Ya dace ƙa'ida ta ce jigo kada ya wuce jimla ɗaya ko biyu, kuma wanda ya ba da shi ba shi da ikon cewa wani ya kauce don kawai bai bi tunanin da ke ransa ba.

Na biyu shi ne tsawo. "Gajeren labari" ba ma'auni ba ne. Ga wanda ya saba da littattafan soyayya masu juzu'i uku, kalmomi 5,000 gajere ne. Ga wanda ke dannawa da babban yatsa bayan ya tashi daga aikin gini, 300 ma aiki ne. A faɗi adadi, mafi ƙaranci da mafi yawa, a kuma faɗi abin da zai biyo baya idan an wuce: za a rage maki ne, za a mayar wa mutum ya gyara, ko za a ajiye labarin gefe?

Na uku shi ne wa'adi, kuma a nan ne ƴan ci-rani suka fi cutuwa. Idan an ce "ƙarfe sha biyun daren Juma'a", agogon ina? Lokacin da agogon Yamai ya buga sha biyu, a Akara da Abijan sha ɗaya ne, a Tripoli ɗaya na dare, a Makka biyu, a New York kuma yamma ce. Mutum zai iya turo labarinsa yana ganin yana da sauran awa guda, a ce masa ya makara. Kalmomi biyu, "agogon Nijar", sun isa su kashe wannan rigima. Haka kuma ƙasar da ɗaukewar wuta da raunin rezo suka zama ruwan dare, adalci ne ƙa'ida ta faɗi ko akwai sassauci na ƴan awoyi ga wanda ya sanar da uzurinsa, kuma sassaucin ya shafi kowa, har wanda ba abokin shugaba ba.

Wace Hausa za a rubuta

Wannan batu ya fi zafi a Nijar fiye da maƙwabta. Mafi yawan matasa da Faransanci suka koyi karatu, don haka da suka juyo ga Hausa sai suka ɗauko haruffan lakkol: "ou" a wurin "u", "ch" a wurin "sh", "tch" a wurin "c", "dj" a wurin "j". Mutum zai rubuta "tchikin gida" ko "chi ne", kuma a wurinsa daidai ya yi. Wasu kuma da ajami suka fi sakin jiki. Ga kuma maganar haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda rashinsu kan sauya ma'ana, domin "kafa" daban da "ƙafa", "dauri" daban da "ɗauri". Ko tsakanin ƙasashen biyu akwai bambanci: ƙa'idar rubutu ta Nijar tana amfani da ƴ inda ta Najeriya ke rubuta 'y. Masana sun zauna kan daidaita rubutun Hausa tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, amma abin da suka cimma bai kai ga kowane mai waya ba.

Zaure yana da damar zaɓar daidaitacciyar ƙa'ida, kuma ya kamata ya zaɓa, tunda wanda ke fatan a buga masa littafi wata rana dole ya iya ta. Amma a faɗa a fili cewa kuskuren rubutu abin gyara ne, ba dalilin kora ko izgili ba. Zauren da ya ware mutum ɗaya ko biyu su riƙa nuna wa sababbin shiga yadda ake sanya madannin Hausa a waya da yadda ake raba kalmomi, ya fi amfani da wanda ke jiran a yi kuskure a yi dariya.

Sai maganar karin harshe. Ba'adare da ke cewa "munka tahi" da Bagobiri da ke cewa "shina zuwa" ba kuskure suka yi ba, Hausarsu ce. Mafita mai sauƙi da marubuta da yawa ke bi ita ce mai ba da labari ya yi amfani da daidaitacciyar Hausa, taurarin labari kuma su yi magana da bakin garinsu. Tsohuwar Dogonduci da aka sa ta yi magana kamar mai karanta labaran rediyo ta rasa rabin ranta. Ko wace hanya zaure ya zaɓa, ya rubuta ta, don kada alƙalin da Kananci kawai ya sani ya rage wa ɗan Tawa maki kan abin da ba laifi ba.

Labarin na wane ne

Babu abin da ke kashe zumunci tsakanin marubuta kamar zargin satar fasaha, kuma babu inda ake buƙatar bayani kamar nan, saboda al'adar Hausa ta san aro. Tatsuniya ba ta da mai ita. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da wasu littattafan Gabas da na Turai ya sake musu tufafi a Magana Jari Ce. Mawaƙan ƙarni na 19 sun san tahamisi, inda mawaƙi ke ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu na waƙar wani, kuma kowa ya san ta wa aka gina a kai. Saboda haka aro ba sabon abu ba ne. Abin da ya raba shi da sata shi ne a faɗi inda aka samo, sannan a yi aikin da zai mayar da abin sabo. Wanda ya kwashe shafi uku na wani ya sauya Ladi zuwa Rabi, ko ya fassara labarin Faransanci kalma da kalma ya sa sunansa, zanen aro ya ɗaura, kuma an san ba ya rufe katara.

Ƙa'ida ta faɗi waɗannan abubuwa uku a sarari. Jigo na kowa ne, don haka mutum goma na iya rubutu a kan jigo ɗaya babu wanda ya saci na wani. Labarin da aka rubuta kuwa na marubucinsa ne, ba na wanda ya ba da jigo ba, ba kuma na shugaban zaure ba. Sannan babu mai ikon fitar da shi waje, ko ya karanta shi a bidiyo, ko ya haɗa shi cikin kundi ya sayar, sai da izinin mai shi.

Wannan ba ra'ayi kawai ba ne, doka ce. Nijar na da dokar haƙƙin mallakar fasaha ta watan Disamba na 2010, tana da hukumar BNDA da ke kula da haƙƙin masu ƙirƙira, kuma mamba ce a ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. A tsarin yarjejeniyar Berne da ƙasar ke ciki, haƙƙin marubuci yana farawa ne daga lokacin da ya ƙirƙiri aikinsa, ba sai ya yi rajista ba. Duk da haka mai hankali zai adana shaidar ranar da ya fara rubutu da ranar da ya tura, domin ranar musu ita ce za ta yi masa magana. Idan zaure na da niyyar tattara labaran shekara ya buga littafi, ya faɗa tun farko, ya kuma faɗi yadda za a raba abin da aka samu, ko da jika biyar ce.

Wani sabon baƙo kuma shi ne ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, mutum na iya liƙa jigo ya samu labari cikin daƙiƙoƙi. A watan Fabrairu na 2023 mujallar Clarkesworld ta Amurka, mai buga ƙagaggun labaran kimiyya, ta rufe karɓar rubutu na wani lokaci saboda labaran inji sun yi mata ambaliya. Zaurukan Hausa ba za su tsira daga wannan ba. Kowane zaure ya yanke matsayinsa: an hana gaba ɗaya, ko an yarda a yi amfani da inji wajen duba kuskure kawai, ko an yarda da sharaɗin mutum ya bayyana. Tunda manufar jigon mako ita ce horar da hannu, wanda ya bar inji ya yi masa rubutu kansa ya cuta kafin ya cuci abokan takararsa. Amma a yi hattara da zargi babu hujja. Hanya mafi adalci ita ce a nemi wanda ake tuhuma ya nuna daftarinsa na farko ko ya yi bayanin yadda ya gina labarin.

Abin da ba a rubutawa

"A kiyaye tarbiyya" magana ce mai daɗi, amma ba ta gaya wa marubuciya ko za ta iya rubuta labarin auren dole, ko na yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko na matashin da ya faɗa shan ƙwaya. Waɗannan abubuwa suna faruwa a unguwanni, kuma adabin da ya kauce musu ya bar aikinsa. Bambancin da ƙa'ida za ta nuna shi ne tsakanin labarin da ke nuna ɓarna don a gane ta da wanda ke zayyana batsa don jan masu karatu. Idan akwai ƴan ƙasa da shekara 18 a zaure, wannan kaɗai ya isa a tsaurara, kuma ya kamata a faɗi mafi ƙarancin shekarun shiga. Labarin da ke ɗauke da tashin hankali mai tsanani, a sa gargaɗi a samansa.

Sai batun mutane na gaske. Wani zai yi faɗa da maƙwabcinsa ko tsohuwar budurwarsa, sai ya mayar da su taurarin labari da sunansu da unguwarsu, ya ce ai ƙirƙira ce. Wannan cin mutunci ne da aka yafa wa rigar adabi, kuma yana da hatsari a gaban shari'a. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci kan ɓata suna da zagi ta hanyar sadarwar zamani. An cire hukuncin ɗauri kan waɗannan laifuka a 2022, amma gyaran da aka yi a watan Yuni na 2024 ya maido da shi. Saƙon da aka tura cikin zaure na mutum ɗari ba sirri ba ne, hoto ɗaya ya isa ya fitar da shi. Ƙa'idar da ta hana sanya sunan mutum na gaske a labarin ɓatanci, da ta hana izgili ga ƙabila ko addini ko jiha, tana kare marubucin da shugabannin zauren baki ɗaya. Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, wanda Nijar ke alfahari da shi, yana da iyakokinsa da kowa ya sani a zaune, amma a rubuce, inda babu murya babu murmushi, yana saurin juyewa.

Marubutan Kano sun ga abin da ke faruwa idan hukuma ce ta zo ta shata iyaka. Bayan kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar a 2001, an kai lokacin da a 2007 aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya, daga baya kuma aka nemi marubuta su yi rajista. Marubutan da suka tsara wa kansu iyaka mai ma'ana sun fi samun bakin kare ƴancinsu ranar da wani ya zo da almakashi.

Gyara, alƙalanci da shugabanci

Mutane na shiga zaure ne don a karanta su, a kuma gaya musu gaskiya. Zauren da kowane labari ke samun "ma sha Allah, ya yi daɗi" ba ya koyar da kowa. Wanda kuma ake yaga marubuci a gaban jama'a, sababbin shiga ne ke fara guduwa, musamman mata. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma gyaran ya tsaya kan rubutu: a nuna wurin da labarin ya yi rauni, a faɗi dalili, a bar maganar garin marubuci da iliminsa da aurensa. Ƙa'ida mai amfani ita ce duk wanda ya turo labari ya karanta na mutum biyu ya yi musu sharhi, don kada zaure ya cika da masu magana babu mai saurare. Haka nan a hana bin mace ta saƙon sirri da sunan gyaran labari ba tare da yardarta ba, a kuma faɗi wanda za ta kai wa ƙara.

Idan akwai gasa, a bayyana alƙalai da ma'aunin da za su bi: maki nawa ga bin jigo, nawa ga tsarin labari, nawa ga harshe. A cire sunayen marubuta kafin a miƙa wa alƙalai. Zaɓen gwani ta hanyar ƙuri'ar jama'a yana auna yawan abokan mutum ne, don haka idan za a yi shi a kira shi da sunansa, a raba shi da hukuncin alƙalai. Idan kuma kuɗi ya shigo, ko na shiga gasa ko na kyauta, a faɗi adadin, da Sefa ne ko da Naira, wa ke riƙewa, yaushe za a biya, kuma wa zai ɗauki kuɗin aikawa idan gwanin yana ƙasar waje. Shugaban da ke karɓar kuɗin shiga bai kamata ya shiga gasar ba, haka ma ƙaninsa bai kamata a ce shi ne alƙali ba.

Shugabanni su ma ƙa'ida ta hau kansu, kada mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. A rubuta matakan hukunci: gargaɗi a keɓe, sannan dakatarwa na ƴan kwanaki, sannan kora, sai dai laifi mai girma irin su satar fasaha da aka tabbatar ko cin zarafi. Wanda aka hukunta a gaya masa layin da ya karya, a ba shi damar kare kansa gaban wani da ba shi ne ya yanke hukuncin ba. Idan za a sauya ƙa'ida, a sanar kafin jigo na gaba, kada sabuwar doka ta koma baya ta kama labarin da aka riga aka turo.

Masu cewa doka na kashe basira

Akwai masu ganin cewa duk wannan zai mayar da wurin nishaɗi ofishin gwamnati, kuma damuwarsu tana da tushe. An ga zaurukan da dokokinsu suka kai talatin, har da hana gaisuwa da hana dariya, inda shugaba ya fi jin daɗin kora fiye da karatu. Irin wannan ma yana kashe zaure, ta wata hanyar. Ƙa'idar da ake magana a kai a nan gajera ce, wadda za ta shiga allon waya ɗaya ko biyu, kowane layi yana amsa tambayar da aka san za ta taso.

Game da basira kuwa, iyaka ba ta taɓa hana gwani aiki ba. Mawaƙin da ya ɗaure kansa da amsa-amo ɗaya daga farkon waƙa zuwa ƙarshe, ɗaurin ne ke sa shi tono kalmomin da bai san yana da su ba. Marubucin Faransa Georges Perec ya rubuta littafi sukutum, La Disparition, a 1969, ba tare da harafin "e" ko ɗaya ba. Wanda aka ce ya ba da labarin rabuwar uwa da ɗanta a tashar mota cikin kalmomi 500 zai koyi zubar da duk abin da ba dole ba, darasin da mai shafi hamsin ba zai koya da wuri ba. Abin da ke kashe gwiwar marubuci shi ne ya kwana uku yana aiki sannan a fito masa da sharaɗin da bai taɓa ji ba.

Don haka shawara ga duk mai riƙe da zauren marubuta, ko a fadar unguwa yake ko a waya: kafin jigon mako mai zuwa, ya tara mutum uku ko huɗu daga cikin mambobi, har da mace da wanda ke zaune a waje, su rubuta amsar waɗannan tambayoyi. Wa ke ba da jigo, kalmomi nawa, yaushe kuma da agogon ina, wace ƙa'idar rubutu, labarin na wane ne, me aka hana, wa ke hukunci, ina ake kai ƙara. A karanta wa kowa, a saurari gyara, a ajiye a inda sabon shiga zai fara gani. Mambobi kuma su nemi a nuna musu ƙa'ida kafin su miƙa labarinsu ko kuɗinsu, kuma wanda ya karanta ya amince, ya bi ta ko da ranar da ta hau kansa.